Akuyar da Muka Kai Shaida Maraɗi

Tun ranar da na dawo ban huta ba. A wurin niƙa a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har wata ƙawata ta Dandume ta kira ni a waya, katinta ya ƙare ban ko kai Malumfashi a labarin ba. Kowa kuma da irin abin da ya ji. Wasu sun ce an kulle mu a kan iyaka, wasu sun ce maigidana ya yi Faransanci har an tafa masa. To ga shi na zauna na rubuta, mai son ji ya karanta, ni bakina ya gaji.

Ga wanda bai san mafarin abin ba, a ƙauyenmu da ke gefen Maska akwai wata dattijuwa Kirista, Mama Saratu. Ita ta kafa ƙungiyar da muke kira Igiya, yau fiye da shekara ashirin. Tsarin ba shi da wuya. Mace marar ƙarfi za a ba ta akuya ta kiwata. In akuyar ta haifi mace aka yaye, sai a yi wa 'yar tsaga biyu a kunnen hagu, a miƙa wa matar da ke biye a layi, uwar da sauran 'ya'yan sun zama na mai kiwo. Babu kuɗin ruwa, babu jingina, babu dangwala yatsa. Musulma da Kirista da Bamagujiya duk layi ɗaya ne, kuma ba a tsallake kowa. Ni kaina da ɗan akuyar Igiya na sayi kaskon suyar ƙuli-ƙulina na farko.

Sai zaɓe ya matso. Wani ɗan siyasar yankinmu, mu dai Honorabul muke ce masa, ya zo ya ce daga yanzu a ƙarƙashin rumfarsa za a riƙa miƙa awakin, da hotonsa a baya, kuma shi zai riƙa faɗin wadda za a ba. Mama ta ba shi ruwa ya sha, ta ce a'a. Ba a yi sati biyu ba sai ga takardar ƙara: wai asalin awakin na gwamnati ne ta karkatar, kuma ta tsufa, a karɓe ƙungiyar a ba matar Honorabul riƙo. Aka sa kwamitin dattawa ya zauna nan da kwana takwas. In aka same ta da laifi, Igiya ta tafi, sunan ɓarauniya kuma ya zauna mata a ƙarshen rayuwa.

Muka taru a tsakar gidanta muka tambaye ta inda ta samo akuyar farko. Ta ce wurin wata Bafulatana ce, Inna Dudu, a wata ruga bayan Maraɗi, tsagar kunnen ma alamar gidansu ce. Muka ce ai shi ke nan, a je a ɗauko ta.

Ta ce, "Ku bar shi, Lantana. Allah yana gani."

Na ce, "Mama, Allah yana gani, amma kwamiti ba ya gani."

Aka zaɓe ni saboda bakina. Maigidana Malam Iro ya ce ba zan tafi ni kaɗai ba, kuma ma shi ya san Nijar ciki da waje, don ya taɓa kai goro can kafin a yi aurenmu. Ta uku a ayarin ita ce Gimbiya, jar akuyata mai tsagar kunne, don Inna Dudu ta ga alamarta da idonta ta yarda da mu. Gimbiya ita kaɗai ta rage mini a turke, ga ta da tsohon ciki, kuma ba ta saba da wahala ba, don dusar da nake ba ta ko Malam yana kishi da ita.

Daga Maska zuwa Funtua acaɓa biyu muka hau. Gimbiya tana kan cinyata, kanta a kafaɗar ɗan acaɓa, tana yi masa kuka a kunne har ya ce in ta ƙara zai sauke mu a gonar masara. A tashar Funtua kuwa rigima ta kaure a kan ko akuya kaya ce ko fasinja. Ɗan kamasho ya ce a but za ta shiga, kan buhunan barkono. Na ce mai ciki ba za ta shiga but ba. Direba ya ce to a biya mata kujera. Malam ya biya yana salati, Gimbiya ta zauna kusa da taga, shi aka matse shi a tsakiya.

Ba mu bar gari ba aka fara tambayar ina za a kai ta. Ashe kowa a motar ya ji labarin ƙarar. Wani Alhaji mai farar shadda, dillalin hatsi, ya juyo daga gaba ya ce shi dai a ganinsa tsohuwa ta ci ta huta, a bar wa masu jini a jika.

Na ce, "Alhaji, me ta ci? Ka taɓa shiga ɗakinta? Rufinta har yanzu yoyo yake."

Ya ce, "To ai shi ya sa. Honorabul zai kawo tsari, zai kawo rajista."

Na ce, "Rajistar ce ke haihuwa?"

Wata mata 'yar Bakori ta yi dariya har ta ƙware. Daga nan mota ta rabu biyu, direba ma yana sakin sitiyari yana kawo nasa ra'ayin. Muna cikin haka Alhaji ya ji ana jan sa ta baya. Gimbiya ce ta samu gefen rawaninsa ta cinye kusan kamu ɗaya. Na ba shi haƙuri iyakar ba da haƙuri, amma Allah ya sani a raina ban ga laifinta ba.

A Malumfashi muka sauka gidan Baba Yohanna, ƙanin Mama Saratu, tsohon malamin makaranta, don shi kaɗai ya san kwatancen rugar. Ban taɓa kwana a gidan Kirista ba, kuma na lura Malam sai leƙen madafa yake. Baba Yohanna ya gane shi. Ya kamo zakara, ya miƙa masa da wuƙa, ya ce, "Malam, yanka da hannunka, mu ci gaba ɗaya hankali kwance." Ya shimfiɗa mana tabarma, ya ce gabas tana saitin bishiyar mangwaro, duk baƙin da ke sauka gidan nan suke fuskanta. Da aka kawo tuwon masara miyar kuka, Malam ya riga ya kai loma baki sai ya ga kowa ya rufe ido ana addu'a. Haka ya zauna da tuwo a kunci har aka ce amin, kuma addu'ar Baba Yohanna ba gajeriya ba ce.

Bayan an ci, ya zana mana hanya a bayan wata tsohuwar kalanda. Shi ya faɗa mana abin da ban taɓa ji ba: lokacin da mijin Mama ya rasu, babu abin da ya bar mata sai 'ya'ya uku, har ta tsallaka Nijar ta yi aikin shara a wani asibitin mishan. Can ta haɗu da Inna Dudu. Ni da na tashi na ga Mama tana bayarwa, ban taɓa kawo wa raina ita ma ta taɓa miƙa hannu ba. Da za mu tafi da safe, Baba Yohanna ya dubi Gimbiya ya dube ni, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai kawai ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Daga Malumfashi zuwa Katsina babu abin da ya faru sai amai da Gimbiya ta sa wata amarya ta yi. Tun da muka doshi Jibiya Malam yake gyaran murya, yana ce mini in mun isa kada in buɗe baki, in bar masa komai. Muka tsallaka ɓangaren Nijar, ya tsaya gaban wani jandarma ya ƙame, ya ce, "Bonjur." Ya sake cewa, "Bonjur." Nan Faransancin ya ƙare.

Jandarman ya ce, "Lahiya lau, baba. Mi ke tahe da ku?"

Aka ce Malam ya kawo katin shaida, sai ya zaro katin ƙungiyar 'yan goro mai hotonsa tun yana da suma. Jandarman ya dubi hoton, ya dubi sanƙon Malam, ya tambaya ko ɗansa ne. Allah ya sa na san halin kayana, katinsa na gaskiya yana cikin jakata tun daga gida. Likitan dabbobi ya latsa cikin Gimbiya ya ce wannan ko yau ko gobe, ya rubuta mana takarda: akuya ɗaya.

A motar Maraɗi na yi ƙawa, Hajiya Rabi mai sayar da turaren wuta, ita ta sauke mu gidanta. Abin da ya fara ba ni haushi a garin shi ne awaki. A ƙauyenmu mutane kan tsaya su kalli Gimbiya saboda janta, can kuwa kowace akuya ja ce, har wadda ke cin kwali a bola. Ko kallo ba a yi mata ba. Na ga mata da mayafinsu suna tuƙa babur, ɗaya har da goyo. Malam ya ce in daina kallo kada in kwaso. Burodinsu dogo ne kamar muciya, ga tauri, a kansa Malam ya bar rabin haƙori. Shayi kuma a ɗan ƙaramin kofi, Malam ya kurɓe ya miƙe zai yi godiya, maigidan ya kamo rigarsa ya ce ai saura biyu, tashi a kan na farko rashin kunya ne.

Su ma matan unguwar suna da nasu tsarin. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku, akwatin a ɗakin ta huɗu. Na ce ashe ba su yarda da juna ba. Hajiya Rabi ta ce sun yarda da juna, mazansu ne ba su yarda da su ba. Da na ba su labarin masarar Funtua, cewa takan rufe mutum a tsaye, suka ce Hausawan Najeriya dai akwai ƙari.

Washegari muka ɗauki amalanken jaki zuwa rugar. Malam ya karɓe kalandar ya ce shi zai ja gaba, ya riƙe ta a juye, muka yi ta zagaye wata rijiya har sau uku kafin mai amalanken ya tambayi wasu mata masu tallan nono. Rana ta take muka isa.

Inna Dudu 'yar tsohuwa ce ƙarama, ido ɗaya ya rufe. Ba ta gama amsa sallamarmu ba ta nufi Gimbiya, ta kama kunnen hagu ta shafa. Ta zare igiyar daga hannuna, ta ja ta ta ɗaure a turkenta, ta ce, "Ta daɗe bisa hanya." Sannan ta juyo ta ce a kawo wa baƙi fura.

Ni na ɗauka karamci ne. Sai da muka sha, na zayyana mata komai, na ce ta zo ta shaida cewa ita ta sayar wa Mama akuyar farko.

Ta ce, "Ban sai da ba. Habbanaye na ba ta."

Ta yi mana bayani. A wurinsu in ka ga wanda duniya ta juya wa baya, sai ka ba shi dabba mace. Ta haihu a hannunsa, 'ya'yan nasa ne, amma uwar dole ta koma gidansu. Ita ta ba Saratu, ta jira shekara uku, ta jira biyar, ba akuya ba Saratu.

Ta ce, "Na ce ɓarauniyar ta manta da ni. Ashe ta aiko jikanya. To na amsa."

Nan na gane abin da ya sa Mama ta ce mu bar shi, na gane abin da Baba Yohanna ya haɗiye. Na ce, "Inna, wannan ai tawa ce! Shaida na kawo ta!" Ta ce alamar wa ke kunnenta? Na koma bayan bukka na yi kuka na gaske. Malam ya biyo ni yana lallashi, ya ce aƙalla an huta da sayen dusa. Ban yi masa magana ba sai washegari.

Da hantsi Gimbiya ta haihu, tagwaye, mace da namiji. Ni da Inna Dudu muka karɓi haihuwar, tana ba ni umarni da Fulatanci ina amsawa da harara. Da ta wanke hannu ta ce za ta bi mu, tana so ta ga ɓarauniyar da idonta mai gani. Kuma ba za ta bar akuyarta mai jego ba, da ita za a tafi.

Ku auna halin da muka shiga. Mun tsallaka ƙasa neman mai wanke Mama, ga shi mun ɗauko wadda ba ta kiran ta da wani suna sai ɓarauniya. A tashar Maraɗi Malam ya raɗa mini cewa mu ce mata za mu kama ruwa, mu sulale. Na ce igiyar Gimbiya fa a ƙugunta take ɗaure. A kan iyaka muka tarar da likitan nan, ya dubi takarda, ya dubi awaki uku da tsohuwa, ya ce shi ɗaya ya rubuta. Na ce ai shi da bakinsa ya ce ko yau ko gobe. Ya yi dariya ya gyara. Inna Dudu kuwa ta zaro katinta daga wata jakar fata, tsaf, ko lanƙwasa babu, ta dubi Malam da ke laluben aljihu.

Duk hanya ina koya mata abin da za ta faɗa, ita tana gyangyaɗi. A Funtua ta farka ta ga gonakin masara, ta ce mutanen da Allah ya ba wannan, me ya kai su faɗa a kan akuya?

Ranar zama, a filin makarantar firamare aka yi. Ba wanda ya shirya, amma kowace mace ta Igiya da akuyarta ta zo, har daga ƙauyukan da ban taɓa zuwa ba, ba ka jin komai sai kukan awaki. Honorabul yana kan kujerar roba da babbar riga. Mama tana kan tabarma, da ta hango Inna Dudu sai ta sunkuyar da kai. Shugaban dattawan ya tambayi Inna akuyar farko ta wace ce.

"Tawa ce."

"Ba ta gwamnati ba?"

"Gwamnati ta san inda rugarmu take?"

Mata suka ɗauki guɗa. Sai Honorabul ya miƙe ya ce a tambaye ta ko sayarwa ta yi. Ta ce a'a, aro ne. Ya ce an mayar mata? Ta ce fiye da shekara ashirin ba a mayar ba. Ya buɗe hannuwa ya ce, "To jama'a kun ji da kunnenku." Na ce a raina shi ke nan, ni na kashe Mama da hannuna.

Inna Dudu ba ta dube shi ba. Ta taka ta tsaya kan Mama ta ce, "Saratu, kasuwa kika kai ta ko tukunya?"

Mama ta ce, "Inna, ranar da na shirya kawo miki ita, maƙwabciyata mijinta ya rasu. Na ba ta, na ce in ta haihu sai in kawo. A hannunta ta mutu. Kunya ta hana ni zuwa."

Tsohuwar ta shiga cikin awakin, tana kama kunne tana saki, tana kama kunne tana saki, mu duka muna jira. Ta yi nisa sosai kafin ta dawo, idonta mai gani yana ruwa. Ta tambayi shugaban dattawan, shi wannan mai rigar, akwai akuyarsa a ciki? Aka ce babu. Ta ce to ita ce ta cancanci yin ƙara, ita aka ci wa amana in an ci, kuma an biya ta, ga akuyar can da riba biyu. Ta ce ɗan bunsurun in an yaye a ba mai rigar, da alama ba a taɓa ba shi komai ya riƙe ba. Dariyar da aka yi har dattawan, ita ta ƙarasa zaman, aka kori ƙarar. Honorabul ya ce yana da wani taro a Funtua.

Mama ta durƙusa a kan gwiwoyin nan nata masu ciwo, Inna Dudu ta ɗago ta tana yi mata faɗa, duk su biyun suna kuka. Kwana uku ta yi a ɗakin Mama. Ranar da za ta tafi na yi ta sa ran za ta ce wasa take. Ba wasa take ba. Ta tafi da Gimbiya da 'ya'yan, ta ce bunsurun za ta aiko. Na raka su har tasha, na biya wa Gimbiya kujera kusa da taga.

Laraba ta zagayo, ranar taron Igiya. Akwai 'yar akuya da aka yaye za a miƙa. Na ci ado na zauna a gaba, don ni a ganina ba sai an faɗa ba: ni na tsallaka iyaka, ni na biya da tawa, turkena babu komai. Mata ma sai kallona suke suna murmushi. Mama ta tsaga kunnen 'yar akuyar, ta kira Ladi matar mai faci, wadda ke kan layi, ta miƙa mata. Sannan ta ce a sa Lantana a layi, bayan mata goma.

Da aka watse na tsaya. Na ce, "Mama, ni? Bayan goma?"

Ta kamo hannuna ta riƙe da nata biyu. Ta ce, "'Yata, abin da kika yi mini ba ni da abin biyansa. Amma da na ba ki yau, da Honorabul ya yi gaskiya."

Na yi fushi kwana biyu, ba zan ɓoye ba. Yanzu saura mata bakwai a gabana.